Ƙugiya ko tirela: nawa ake kashewa kafin jirgi ya taɓa ruwa a madatsun Kano?

Idan aka sayo jirgin ruwa mai inji aka kawo shi Kano, wanne ya fi sauƙi a aljihu wajen saka shi a ruwa: a ɗauko motar ƙugiya ta ɗaga shi ta dire, ko a ɗora shi a kan 'yar tirelarsa a gangara da shi? Wani zai ce ina ruwan Bakano da wannan tambaya, tunda ba teku gare mu ba. Amma muna da Tiga, muna da Challawa a Ƙaraye, ga Watari a Bagwai, ga Tomas da Bagauda da Wasai, kuma a kan wasunsu mutane na tsallakawa kullum zuwa kasuwa da gona da makaranta da asibiti.

Maganar ta ƙara ƙarfi tun bayan hatsarin ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa garin Bagwai ya kife a ruwan Watari, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Daga lokacin zuwa yau, duk sanda aka ji jirgi ya kife a Neja ko Kebbi ko Sakkwato, kiran da ake yi ɗaya ne: a bar tsofaffin jiragen katako a koma na faiba (wato zaren gilashi da aka daskarar da danƙo) ko na alminiyam. Kira ne mai kyau. Sai dai idan ƙungiyar 'yan fito, ko ƙaramar hukuma, ko wani mai hali ya yunƙura zai sayo, aka miƙo masa takardar kuɗi, sai ya ga bayan farashin jirgi da inji akwai wani layi daban na saukewa da sakawa a ruwa. A nan gunaguni ke farawa. Wasu su ce ƙari ne aka yi don a ci, wasu su ce ai samari ashirin sun isa su tura shi.

Kuɗin na gaskiya ne, kuma ba kullum samari ashirin ke isa ba. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, ranar farko ba ita ce abin dubawa ba. Jirgin nan zai sake fitowa a duba ƙasansa, a gyara, a mayar da shi, sau da yawa kafin ya tsufa. Kuɗin wannan fita da komawa ne ke nuna wace hanya ce mai araha.

Wace ƙugiya, wace tirela?

Ƙugiya iri biyu ake samu haya a Kano. Akwai babbar motar da ba ta da aiki sai ɗagawa, mai dogon hannu da ke miƙewa, irin wadda ake gani a Sharaɗa da Bompai tana sauke janareto ko kwantena ko injinan masana'anta. Da tan ake faɗin girmanta: mai tan 25, mai tan 50, har sama. Akwai kuma motar ɗaukar kaya mai ƙaramar ƙugiya a bayan kanta, wadda direbobi ke kira Hiab. Ita ke loda kaya da kanta, ta kai, ta sauke, amma hannunta gajere ne kuma ƙarfinta bai kai na babbar ba.

Tirelar da ake magana a nan kuwa ba irin ta siminti da taki da ke cika hanyar Zariya ba ce. Shimfiɗar ƙarfe ce mai taya biyu ko huɗu, an jera mata matasan katako ko ƙananan tayoyin roba daidai da siffar ƙasan jirgi, a gabanta kuma akwai abin naɗe igiya da ake juyawa da hannu a jawo jirgin ya hau. Ana ɗaura ta a bayan Hilux ko tarakta, a yi baya da ita cikin ruwa har jirgin ya taso da kansa.

A tashoshin ƙananan jirage na Ingila da Amurka akwai na'urar ɗagawa da ke zaune a wurin kullum, ana caji da tsawon jirgi, kowace mita ko ƙafa da kuɗinta. Mu tamu ƙugiyar daga cikin birni za ta taso. Don haka farashin da mutum ya gani a intanet ba zai yi masa amfani a bakin Tiga ba.

Sai hanyar da muka gada, wato ƙarfin hannu da gungume. Jirgin katako a bakin ruwa ake harhaɗa shi, a jera itatuwa, a tura. Da ma katako ruwa yake so, in ya daɗe a tudu yana shan rana sai ya tsuke, haɗinsa ya buɗe. Na faiba halinsa daban. Fatarsa ta waje sirriya ce mai santsi, ita ke hana ruwa shiga jikin zaren. A ja shi a kan tsakuwa sau biyu sau uku, fatar ta kuje, ruwa ya fara samun hanya, ba kuma za a ga ɓarnar ba sai bayan watanni.

Inda kuɗin ƙugiya yake tafiya

Ɗaga jirgi daga mota zuwa ruwa aikin mintuna ne. Amma mai ƙugiya yini yake sayarwa. Daga birni zuwa Tiga kimanin kilomita 70 ne, zuwa madatsar Challawa kimanin 90. Ƙugiya mai tan 25 ita kanta nauyinta ya haura tan 25, ba ta gudu a hanya, kuma dizal take sha zuwa da dawowa alhali ba ta ɗauke da komai. Duk wannan a kanka yake. Ga direban da ke sarrafa ta, ga yaran da za su ɗaura bel, ga la'adar dillalin da ya haɗa ku. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, taya da tiyo da man haidirolik da duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi suka yi tsada, masu haya kuma suka ɗora a kan farashinsu. Sau da yawa kuɗin tahowa ya fi kuɗin aikin kansa.

Abu na biyu shi ne wanda aka fi yin kuskure a kansa. Jirgin fasinja na faiba mai tsawon ƙafa 23, wato kimanin mita 7, da wuya ya wuce tan 1 da rabi ko da injinsa a jiki. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 75 ma kilo 100 da ɗan ɗoriya ne. Sai mai jirgi ya ce to me zan yi da ƙugiya mai tan 25, a kawo ƙarama. Lambar nan da ke rubuce a jikin ƙugiya tana aiki ne kawai idan kayan na dab da motar, kamar mita 3 daga tsakiyarta. Kamar bokitin ruwa ne: riƙe shi a gefen ƙafarka ba komai, amma miƙe hannunka da shi ka ga yadda zai rinjaye ka. Ƙugiyar da ta ɗaga tan 25 a kusa, in ta miƙa hannu mita 20, tan 2 ma sai da lissafi. Kowace mota tana da takardar da ke nuna nauyin da za ta iya a kowane nisa, kuma direban da ya san aikinsa ba ya saɓa mata ko an roƙe shi. Ke nan abin da ke yanke girman ƙugiyar da za a ɗauko, da kuɗinta, shi ne nisan da ke tsakanin ƙasa mai tauri da ruwa mai zurfi. Nauyin jirgi na biyu ne.

Duk wanda ya taɓa ganin an kafa ƙugiya a bakin ruwa ya san yawancin lokacin a shirin tsayuwa yake tafiya. Direba zai sauko ya zagaya, yana dukan ƙasa da dunduniya. Ƙafafun ƙarfe huɗu za su fito daga gefen motar, yara su jera manyan katakai a ƙarƙashin kowace, a ɗaga motar har tayoyinta su bar ƙasa. In ƙafa ɗaya ta fara nutsewa, za ka ji katako na ƙara, direba ya tsayar da komai ya ce, "Alhaji, nan ba za ta zauna ba, sai mun ja baya." An ja baya, nisa ya ƙaru, ƙarfin ya ragu. Wani lokaci a nan aikin ranar ke ƙarewa, kuma kuɗin tahowa ya riga ya ciwu. Shi ya sa ya kamata direban, ko wani nasa, ya je ya ga wurin da idonsa kafin a biya kafin alƙalami. Kuɗin man babur ɗin da zai kai shi bai kai komai ba idan aka kwatanta da asarar yini.

Sai ɗaurin. Ba a ɗaga jirgin faiba da sarƙa ko wayar ƙarfe. Faffaɗan bel biyu ake zurawa ta ƙarƙashinsa, a sa sandar ƙarfe a sama ta raba su, don kada su matse gefen jirgin su fasa shi. Inji yana baya, nauyi ya fi yawa a can, don haka ba a tsakiya ake sa bel ba. A kwashe ruwan da ke ciki tukuna: lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ruwan da ke kai-komo a cikin jirgin da ke rataye yana iya karkatar da shi ya zame. Mutum biyu su riƙe igiya gaba da baya don kada ya juya, kowa kuma ya kauce daga ƙarƙashi, musamman yara, waɗanda ba a raba su da irin wannan kallo.

Iska ma tana cikin lissafi. Ba mu manta da ranar 11 ga Satumba, 2015 ba, lokacin da guguwa ta kayar da wata babbar ƙugiya a Masallacin Harami, sama da mutum 100 suka rasu. Jirgi a sama faffaɗan abu ne mai kama iska. A farkon damina, da hadari ke tasowa da guguwa ba sallama, direba na iya ƙin ɗagawa, kuma gaskiyarsa ce. In aka kwana, kuɗin kwana ɗaya ya ƙaru. Wa zai biya? Haka kuma in bel ya tsinke jirgi ya faɗi, asarar wa? Waɗannan tambayoyi biyu a rubuce ya kamata a amsa su kafin mota ta bar gareji, a kuma tambayi ko mai ƙugiya yana da inshorar da ta shafi kayan da yake ɗagawa.

Duk da haka akwai inda ba makawa sai ita. Jirgi mai nauyin tan da yawa, ko faffaɗan dandamalin da ke tsallakar da babura da dabbobi, ko injin yashe ƙasan ruwa, tirelar bayan Hilux ba za ta ɗauke su ba. Jirgin da faɗinsa ya wuce kamar mita 2 da rabi ya fita daga abin da ake ja a titi hankali kwance. Haka gaɓar da take da duwatsu da zurfi nan take, ƙugiya ta fi dacewa da ita. Sannan akwai ranar farko. Yawancin jiragen faiba daga kudu ake kawo su, Legas ko Fatakwal ko Warri, a bayan babbar mota mai tsayin da ya kai ƙirjin mutum. Daga can sama ba a zamo da jirgi da hannu. Wanda ya yi dabara tun wajen ciniki sai ya nemi a kawo masa a motar Hiab, ko a haɗo masa da tirelarsa, ya huta da hayar mota ta biyu.

Tirela: araha mai sharaɗi

Tirela sau ɗaya ake sayenta. Ko a sayo wadda aka ƙera a waje, ko a sayi ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa a kai wa mai walda ya haɗa a kan gatarin tsohuwar mota. Ta biyun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma muna da masu waldar da za su iya. Sharaɗin shi ne a auna jirgin sosai, matasan su zauna a inda jikinsa ya fi ƙarfi. In aka yi ta da ka, nauyin jirgi ya taru a wuri ɗaya, ramukan hanya za su tsaga shi kafin a isa. Gatarin ma a sa shi inda ɗan nauyi kaɗan zai danna kan maɗaurin mota. In nauyi ya koma baya, tirela kan yi ta lilo a kan titi har ta kwace wa direba.

Bayan saye, abin da ake kashewa a kowace sakawa ɗan kaɗan ne: man mota da mutum biyu. Ga yadda abin yake in wuri ya yi kyau. A tsaya a tudu a kwance ɗaurin baya, a ɗaga ƙafar inji, a tabbata an toshe 'yar kafar nan ta ƙasan bayan jirgi da ake zubar da ruwa ta cikinta. Ƙaramin marfi ne da bai fi babban yatsa ba, amma mantawa da shi ya sha cika jirage da ruwa a gaban masu su. Direba ya yi baya a hankali, ɗaya na gefe yana nuna masa da hannu, tayoyin tirela su nutse, bayan jirgin ya fara rawa a kan ruwa. A saki igiyar gaba, a tura kaɗan, shi ke nan. Kafin a sha shayi an gama.

Ɓoyayyen kuɗinta yana cikin ƙafafunta. Boris ɗin taya yana ɗaukar zafi a tafiyar kilomita 70, in aka tsoma shi a ruwan sanyi nan take sai ya zuƙo ruwa ciki, giris ya lalace, tsatsa ta kama. Maganin ba tsada: a jira ya huce kafin a shiga ruwa, a riƙa sabunta giris. Amma wanda bai sani ba, a hanyar dawowa taya za ta cije masa. Fitilun baya da wayoyinsu ba sa son ruwa. Tayoyi kuma ranar Kano ce ke cinye su a tsaye, su tsattsage tun ba su ga tafiya ba. Sa'ar da muka yi ita ce ruwanmu ba na gishiri ba ne, ƙarfe yana daɗewa fiye da na masu jirage a Legas. A ƙara da wurin ajiya, da lamba da fitila da takardun da za su sa a wuce jami'an kiyaye haɗura da na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ba tare da cece-kuce ba.

Sai motar ja. Wanda ba shi da mota mai jan ƙafa huɗu sai ya yi haya, kuma fitar da jirgi ya fi saka shi wuya, domin a lokacin ana jan nauyi ne a hawa, a kan ƙasa mai jiƙe. A nan kuloci ke ƙonewa. A garuruwan da ke kewaye da madatsu tarakta ta fi sauƙin samu kuma ta fi dacewa da laka, sai dai lokacin huɗa kowa na nemanta.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba: tirelar da ke yawo daga wannan ruwa zuwa wancan tana iya kwaso ciyawar ruwa a jikinta ta kai inda babu. Wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja ba sai an roƙe shi ya wanke tirelarsa ba.

Gaɓar madatsunmu ce ke yanke hukunci

Duk arahar tirela a kan abu ɗaya ta dogara, wato gangara mai tauri da ta shiga cikin ruwa. Mu kuwa madatsunmu don noman rani da ruwan sha aka gina su. An kammala Tiga a 1974, aikin da aka yi a zamanin Gwamna Audu Baƙo, Challawa kuma a 1992. Tiga ce ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure. Ruwa kan cika a watan Satumba, daga nan a yi ta sakinsa, rana kuma na shan nata, har zuwa Mayu. Yayin da yake ja da baya, sai ya bar fili mai faɗi wanda samansa ya bushe ya tsattsage, ƙasansa kuwa taɓo ne. Wurin da mota ta tsaya lafiya a Oktoba, a Afrilu ruwa ya yi masa nisa, tsakaninsu kuma ƙasar da ba ta ɗaukar taya.

Wannan fili yana cutar hanyoyin biyu duka. Ƙugiya ba za ta taka shi ba, hannunta kuma ba zai tsallake shi ba. Tirela za ta kafe, ko kuma saboda gaɓar shimfiɗe take, sai motar da kanta ta shiga ruwa har ƙofa kafin jirgi ya taso. Garin neman ƙiba a samo rama: an guje wa kuɗin ƙugiya, an koma biyan tarakta ta ciro Hilux, an ƙare a wajen bakanike.

Gangarar da masu gina irin waɗannan wurare suka fi yarda da ita ita ce mai sauka kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, wato kusan duk mita 8 da aka yi gaba an sauka mita 1. In ta fi haka kwanciya mota za ta jiƙe, in ta fi haka tsayi taya za ta zame. Mu ɗauka a wani wuri ruwa na sauka mita 3 tsakanin kaka da bazara. Ana buƙatar mita 24 don a bi shi, da ƙarin kamar mita 8 don a sami zurfin mita 1 a ƙarshe ko a lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. Jimla mita 32. A ba ta faɗin mita 4 da kaurin santimita 15, kankaren ya kama kusan mita kubik 19. A gaurayen da magina suka saba, buhu 6 zuwa 7 na siminti a kowace mita kubik, ke nan buhu 115 zuwa 135, banda rodi da tsakuwa da yashi da ciko da kuɗin aiki. Kowa na iya kai wannan lissafi wajen mai siminti a unguwarsu ya ji farashin yau. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mutum ɗaya, amma bai kai ginin aji biyu ba, kuma jirage goma ko ashirin ne za su ci moriyarsa shekara da shekaru. A tsaga saman kankaren layi-layi tun yana ɗanye, don gansakuka kan mayar da shi santsi.

Ba kuma a ko'ina ake yi ba. Bangon madatsar Tiga ƙasa ce aka jibge aka danne, ba wurin kafa ƙugiya ko haƙa gangara ba ne. Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedikwata a nan Kano, wasu madatsun kuma suna hannun gwamnatin jiha. Harkar sufurin ruwa da rajistar jirage ta hukumar NIWA ce, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja. Sarkin ruwa da tsofaffin masunta kuwa su suka san inda tsandauri yake da inda ruwa ke tsayawa a kowace shekara, kuma injiniyan da ya tsallake su zai zuba siminti a inda bai kamata ba.

A yi lissafin shekara, ba na yini ba

Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi kawai, cewa zuwan ƙugiya sau ɗaya naira dubu 500 ne, tirela kuma naira miliyan 3. Kowa ya cire waɗannan ya sa farashin da aka faɗa masa, tsarin ba zai canza ba. A ranar farko ƙugiya ta yi nasara, ta ninka sauƙi sau shida. Amma fitar da jirgi don gyara zuwa biyu ne, ɗaya na fitarwa ɗaya na mayarwa, sai fa in aikin zai ƙare a yini guda, gyaran faiba kuwa sai jiki ya bushe. Jirgin da ake fitarwa sau biyu a shekara ya ci zuwa huɗu, naira miliyan 2. A shekara ɗaya da rabi tirela ta mayar da kuɗinta. Idan kuwa jirgi babba ne, zama yake a ruwa, sau ɗaya ake ɗaga shi a shekara a wanke a duba a mayar a ranar, to shekara shida za a yi kafin a kashe kuɗin tirela, lokacin tayoyinta sun ruɓe a ajiye. A nan haya ta fi.

Akwai hanyar rage kowanne. Ƙungiyoyin masu jiragen shaƙatawa a Ingila kan ɗauko ƙugiya ɗaya kafin hunturu ta fitar da jiragensu duka a yini guda, su raba kuɗin, in sanyi ya wuce su sake haɗuwa a mayar. Ba abin da zai hana 'yan fiton madatsa ɗaya yin haka, mu da muka saba da adashi. Tirela ma ba sai kowa ya mallaki tasa ba. In jiragen girmansu ɗaya ne, guda ɗaya a hannun ƙungiya ta isa, kowa ya biya ɗan abin giris da taya.

Ra'ayina a fili yake. Ga irin jiragen fasinja da na sintiri da na ceto da madatsunmu ke buƙata, tirela da gangarar kankare ta haɗin gwiwa sun fi, a bar ƙugiya ga manyan kaya da ranar saukewa.

Abin da ya shafi fasinja

Mai hawa jirgi da naira ɗari biyunsa zai ga kamar wannan hirar masu kuɗi ce. Amma a kansa take ƙarewa, ta hanya biyu. Ta farko kuɗin fito: duk abin da mai jirgi ya kashe wajen fitarwa da mayarwa daga aljihun fasinja zai dawo, ko ta ƙarin kuɗi, ko ta ƙarin lodi, wanda shi ne mafi muni. Lodi fiye da ƙima ne aka ɗora wa alhakin hatsarin Bagwai da wasu da dama irinsa.

Ta biyu ta fi damuna. Jirgin da fitar da shi ke cin dubban ɗaruruwa ba za a fitar da shi ba. Za a ga ruwa na taruwa a ciki, a sa yaro ya riƙa kwarfewa da gwangwani, a ce sai bayan kasuwa, sai bayan Sallah, sai ruwa ya ja. Tsagewar da za a toshe da faiba ta kuɗi kaɗan tana nan tana buɗewa a inda ido ba ya gani. Idan kuwa fitarwa aikin rabin awa ne da tarakta, mai jirgi ba shi da dalilin jinkiri, jami'in da ke duba lafiyar jirage ma yana iya cewa a fito da shi ya gani da idonsa. Rigar kariya da hana tafiyar dare, waɗanda NIWA ke ta nanatawa, suna da muhimmanci, amma ba sa toshe ɓula.

Haka batun ceto. Jirgin ceto da ke kan tirela a harabar ofis zai iya zuwa Watari yau, gobe Tomas, jibi wani gari da ambaliya ta ci a Wudil ko Warawa. Wanda sai an nemo ƙugiya, an yi ciniki, an jira ta taho daga Sharaɗa, ya daina zama jirgin ceto.

Don haka idan gwamnati ko ɗan majalisa ko attajiri ya ce zai ba wata al'umma jirgi, tambayoyin da ya kamata mutanen gari su yi tun kafin ranar biki su ne: yana da tirela, wa zai riƙe ta, ta ina za a saka shi a watan Afrilu, kuma wa zai biya fitarwar farko? In amsar ita ce za a gina gangara, to lokacin zuba kankare shi ne Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya kai ƙarshen ja da baya kuma damina ba ta sauka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: takardar neman izini daga hukumar da ke riƙe da madatsar, da awon wurin, da tara siminti da rodi, tun da sanyin hunturu ake fara su, domin in aka rasa waɗannan makonni sai wata shekarar.